Sawun da Ke Hawa Bango

Babana, Fortunato Choque,
shekara talatin ya yi yana fasa dutse a bayan Sucre.
Dutse ya shiga inji, ya fito siminti,
shi kuma ya dawo gida fari fat har gira,
ganyen koka a kunci, magana sai ta kama.

Ranar da na cika tara ya kai ni Cal Orcko.
Bango ne, tsaye kamar ya taɓo gajimare,
jikinsa kuwa sawu, dubu bisa dubu,
wani mai yatsa uku, wani faɗin turmi,
duk sun nufi sama, babu mai waiwaye.
Na ce, "Baba, wace dabba ce ke hawa bango?"
Ya tofar da ganye. Ya ce, "Babu.
Bangon ne ya tashi, bayan sun wuce."

Ya zubo ruwan gora a tafin hannunsa.
"Kin taɓa ganin ruwa ya kwanta a tsaye?
Laka ma haka. A kwance take zama.
Nan bakin tafki ne, sun zo sun sha, sun tafi,
rana ta gasa sawun, sabuwar laka ta rufa masa asiri.
Can daga baya ƙasa ta yi miƙa,
ta ɗaga shimfiɗarta kamar mai kakkaɓe bargo."

Bai yi boko ba. Masu awo ya ɗaukar wa jaka,
yana tsintar abin da ya faɗo daga bakinsu.

Da dare ya nuna min bargunan inna a kan akwati:
"Wanne aka fara ajiyewa?" Na ce na ƙasa.
Ya yanka burodi: "Wa ya riga, shi ko wuƙa?"
Na ce burodi. "To tsagar da ta ratsa dutse
ƙanwar dutsen ce, ko da ta fi shi tsawo."

A gwangwanin madara yake ɓoye dukiyarsa:
haƙorin kifi da ya rikiɗe ya zama tsakuwa,
ɓallin ƙoƙon kunkuru,
da wani dutse mai rami, siffar katantanwa,
mai gidan ta narke, ɗakinta ya rage.
"Wani jikinsa yake bari, wani gurbinsa,
wani kuwa tafiyarsa kaɗai."

Na girma, na karanta abin da ya faɗa da sunaye masu tsawo.
Na koyi ƙidaya shekaru a tokar aman wuta,
inda ƙwayar ma'adini ke rubewa sannu, ba ta fashi.
Na san ƙananan halittun da suka yi zamani gajere,
suka bazu ko'ina, suka zama hatimin zamaninsu.
Na ce masa, "Miliyan sittin da takwas, Baba."
Ya yi tari mai tsawo, irin na masu shaƙar dutse,
ya ce, "Ashe ban daɗe a wurin ba."

Wata damina gefen bangon ya zube.
Mutane suka yi jimami. Ƙura ta lafa,
sai ga wani sawun a ƙarƙashi, wanda ya girmi na farko,
yana jiran ido tun kafin a yi mai kallo.
Wannan bai gani ba.

Yau ina share dokin ƙofarmu.
Shekarar da ya zuba masa siminti ya manta, ya taka,
inna ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Ga shi nan: takalmin hagu, dunduniya ta ci gefe,
ya nufi waje, wajen aiki.
Na durƙusa na sa hannu a ciki.
Ƙura ta fara kwanciya, siririya,
shimfiɗa ta farko.
Na ɗaga tsintsiya, na tsaya.